Gurguwa da Matar Fasto

Mzintlava,
watan Disamba

Maigidana, Baban Liyema,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya jikinka? Tarin nan da ka ce yana damunka da safe ya lafa? Ina fata sabulu da man shafawar da na aiko sun iso hannunka, ba hannun wani ba. Mu nan lafiya ƙalau, mun gode Allah. Ruwa ya sauka sosai, masara ta kai ƙugu. Liyema ta ci jarrabawa, tana hutu, tana cin abinci kamar an aiko ta. Mama tana gaishe ka, ta ce in faɗa maka gwiwoyinta suna nan yadda ka bar su.

Ina kuma gaida malamin gidan yarin da ke buɗe wasiƙun nan kafin su iso ka. Ya kwantar da hankalinsa. Abin da zan ba ka labari a bayan ɗakin girkina yake, kuma kotu ta riga ta ce wanda ya shuka wiwi a gidansa don kansa ba ruwan kowa da shi. Da a nan ka tsaya, ba ka ɗauki buhuna zuwa Durban ba, da tare za mu gasa ɗanyar masarar bana. Na faɗa sau ɗaya, ba zan sake ba a wannan takardar.

Ranar da 'yan sanda suka ƙone gonarka ta cikin kwari suka tafi da buhun iri, na yi kuka tare da kowa, amma a cikin raina cewa na yi shi ke nan, an raba mu da ita. Ashe ban gama sanin mahaifiyarka ba. Farkon damina ta kira ni ɗakinta, ta buɗe tsohon gwangwanin tabar shaƙarta, sai ga 'ya'yan iri a ciki, ba su cika cokalin shayi ba. Ta ce, "Na uban mijinki ne. Je ki shuka." Na ce, "Mama, ni da nake sa jar riga duk Alhamis ina jan addu'a a taron matan coci?" Ta ce, "Amarya, ban ce ki sha ba, cewa na yi ki shuka." Na haura shekara goma a gidan nan, har yau ni amarya ce, kuma har yau ban iya ce mata a'a ba.

Na shuka tsakanin kabeji da garken alade. Bakwai suka fito, biyar mata, biyu maza.

To ga inda abin ya lalace. Ranar fansho na raka Mama garin Lusikisiki, da muka dawo muka tarar da Baffa Dingile, ƙanen mahaifinka, tsaye a ƙofar lambu da mazan nan biyu a hannu, saiwa a sama, yana washe baki. Ya ce, "Amarya, na raba ki da 'yan iska. Da kin bar su da sun ɓata miki matan." Ban ga laifinsa sosai ba. Duk wanda ya tashi a kwarin nan tun yana ƙarami aka koya masa in ya ga namiji ya tuge, tunda masu saye ba sa son ganye mai 'ya'ya. Hannunsa ne ya yi aikin kafin kansa ya farka. Mama ta zauna a kan dutsen niƙa, ta dube shi ta ce, "Dingile, kai ma da an tuge ka tun kana tsiro da mun huta." Bai tsaya cin abinci ba ranar.

Ba sai na faɗa maka abin da hakan ke nufi ba. In babu namiji babu iri. Mazan da ke gonakin maƙwabta duk na baƙon irin nan ne da samari ke sayowa a birni, in iska ta kawo ƙurarsu, abin da za a haifa ba na mahaifinka ba ne. Matan nan biyar kuwa da sanyi ya shigo za su mutu, irin gidanku ya ƙare a hannuna.

Ana cikin haka sai ga Thozama, 'yar maƙwabtanmu, ta zo hutun Kirsimeti daga Cape Town. Ka tuna a gidan renon furanni take aiki. Ta leƙa lambun ta ce ai ba a yi asara ba tukuna. Wai ana yankar ɗan reshe a dasa shi ya yi saiwa, kamar yadda muke yi da yaɗon dankali, kuma abin da ya fito uwarsa ce sak, ba ya ɗauko halin kowa. Sai a zaɓi ɗaya a mai da ita uwa, a ajiye ta a ɗaki, a riƙa kunna mata fitila da yamma don ta ɗauka har yanzu damina ce, kada ta fidda kai ta mutu. Daga jikinta za a riƙa yanka duk shekara. Na ce to wacce za a zaɓa? Ta yi dariya ta ce, "Nan ne wahalar, Yaya. Ba kya sanin halin kowacce sai ta fidda kai an girbe an ɗanɗana, lokacin kuwa ta tsufa, ba ta yankuwa." Don haka sai a yanka daga dukkansu tun yanzu, a raini 'ya'yan a gwangwani, a jira iyayen su nuna halinsu.

Shi ya sa na rubuto. Shekara biyu da wani abu suka rage maka. Kana so in riƙe maka abin nan har ka dawo? Ba zan ɓoye maka ba, ba na ƙaunarta, ita ta raba ni da kai. Amma ta mahaifinka ce, kuma ina ganin yadda Mama ke dogara sanda ta je ta tsaya a kansu da safe. Ka faɗa mini abin da kake so.

Ka kula da kanka, ka daina raba wa mutane abincinka, na san halinka.

Matarka,
Nofezile


Mzintlava,
watan Fabrairu

Baban Liyema,

Gaisuwa da begen ganinka. Ina fata kana lafiya, zafin Durban bai narkar da kai ba. Mu ma lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Wasiƙarka ta iso, na karanta wa Mama, ta ce in sake. Ka cika takarda da maganar ganye, ni kuwa matarka na sami ɗan gurbi can ƙasa, kusa da tambayar lafiyar alade. Na gode, alade ma ya gode.

Mun yi yankan kafin Thozama ta koma. Gwangwanayen madara na jera a tagar zagayayyen ɗaki, inda rana ke shiga da hantsi, na rataye fitilar sola a samansu. Wasu sun bushe, amma kowace uwa ta sami 'ya mai rai. Na ɗaura wa kowane gwangwani zare irin launin da na ɗaura wa uwarsa a lambu don kada su rikice mini. Mama ta ce zare aikin banza ne, da suna ake sanin mutum, ta zauna ta raɗa musu.

Akwai doguwa, ta wuce ni tsawo, ganyenta sirara, kanta a sama ba ta kallon kowa. Ita ce Matar Fasto. Akwai biyu masu kama da juna, Tagwaye. Akwai wata mai warin fitsarin kyanwa, Mama ta ce sunanta Dingile ko da yake mace ce. Ta ƙarshe kuwa alade ya fasa garke ya taka ta tun tana ƙarama, ta tashi a karkace, guntuwa, mai faffaɗan ganye. Wannan ba ta sha wahalar suna ba, Gurguwa.

Sunayen nan sun kusa kashe ni da kunya. Ranar Alhamis matar fastonmu ta gaskiya ta biyo ni gida duba Mama. Tana zaune da kofi a hannu, Mama ta ɗaga murya daga kan tabarma, "Amarya, kin ba Matar Fasto ruwa kuwa? Na ga ta yi yaushi." Baiwar Allah ta shafa fuskarta ta ce, "A'a Mama, shayin nan ya ishe ni, tafiyar ce da nisa." Na shige ɗakin girki na cusa zani a baki. Da za ta tafi ta tsaya a taga ta tambayi meye a gwangwanayen, Mama ta ce tumatirin Turawa ne. Ta ce in sun yi 'ya'ya a ɗiba mata.

Ka ce in duba wadda ta fi tsawo, mai sirarun ganye, mai ƙamshin mangwaro in an murza, ita ce ta mahaifinka ta ainihi, wadda masu saye ke hawo dutse su tambaya. Matar Fasto ce, ba ko shakka. Na murza na sansana, har na ji haushin kaina don ƙamshin ya yi mini daɗi. Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne na fara sabawa da su. Da safe kafin in ɗora ruwan zafi sai na leƙa tagar. In ɗaya ta sunkuyar da kai sai in rasa sukuni har ta miƙe. Ni da na yi shekaru ina roƙon Allah ya kawar da abin nan daga gidana, yau ni ce ke kore masa awaki.

Amma akwai magana ɗaya a wasiƙarka da ta tsaya mini a wuya. Ka ce in ka fito, damina biyu kawai. Ba ka ƙarasa ba, ni ma ba zan ƙarasa maka a nan ba, amma na san ƙarshenta. Irinta ka faɗa mini shekarar da aka haifi Liyema, ka sake faɗa shekarar da muka yi rufin kwano. Ba ina kiran ka maƙaryaci ba ne, Baban Liyema. Duk sanda ka faɗa da gaske kake. Damina ta uku ce kullum take zuwa da nata uzurin.

Jikin Mama ba daɗi. Na ce maka lafiya a sama don haka ake fara wasiƙa. Hannunta rawa yake har ba ta iya kai kofi baki sai na riƙe mata. Ba ta barci, gaɓoɓinta suna ci mata wuta, in na dafa masara da wake sai ta ci cokali biyu ta ture. Ƙwayoyin asibiti tana sha, ba ta fashi, amma ta rame. Ta ce da mahaifinka yana nan shayi yake dafa mata da ganyen nan da madara, ta kwanta kamar jaririya. Ka san da wannan? Ni ban taɓa ji ba. Ta ce ba a gaban yara yake yi ba.

Iyayen sun fara fidda kai. Sai mu jira kaka mu gani.

Ina yi maka addu'a kullum, har ranar da nake fushi da kai.

Taka,
Nofezile


Mzintlava,
watan Mayu

Maigida,

Ina gaisuwa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Sanyi ya fara leƙowa nan, na san can ma siminti ba ya tausayin kowa, don haka na saƙa maka hula da safa, za su biyo bayan takardar nan. Liyema tana gaishe ka, ta yi tsawo har siket ɗin makaranta ya gaza mata. Mama tana gaishe ka, kuma wannan karon da bakinta ta faɗa tana dariya. Bari in ba ka labari a jere.

Na girbe iyayen, na rataye su a rufin ɗakin ajiya, kowacce da zarenta. Sun bushe, kararen na tuge na ƙone. Yanzu abin da ya rage na irin gidanku a duniya su ne 'yan gwangwanayen da ke tagata.

Ɗanɗano ya zama aiki. Ni ba na sha, ka sani, kuma ba zan fara da furfura ba. Baffa Dingile ya ji labari ya zo da kansa, wai ya zo biyan laifinsa. Mama ta ce, "Ka ga mai biyan laifi da lofe a aljihu." Muka shimfiɗa masa tabarma a gindin bishiyar gwaiba, kowace rana guda ɗaya, don kada su haɗu masa a ka. Tagwaye ya ce ba yabo ba fallasa. Da aka zo kan mai sunansa, ya zuƙa sau ɗaya ya yi ta tari, ya ce wanda ya raɗa mata suna Allah ya saka masa. Gurguwa kuwa ya shanye lofe guda ya zauna yana jira, ya ƙara, ya sake jira, sannan ya dube ni ya ce, "Amarya, kin tabbata ba kabejinki kika shanya ba? Ko akuya ba za ta yi maye da wannan ba." Ya dai yi hamma ya yi barci a wurin har la'asar.

Ranar Matar Fasto ban yi dariya ba. Ya zuƙa, ya daɗe yana kallon kwarin. Sai na ga hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Yaya ne. Wallahi Yaya ne ya dawo." Ya ce tun rasuwar mahaifinka bai sake jin wannan ƙamshin ba, har a gonarka, don kai ma ka bari baƙon iri ya shiga. Ya fara ba ni labarin yadda suke kiwon shanu su biyu suna yara, da yadda mahaifinka ke zagaya gona da kaka yana ɗaura tsumma a jikin wadda ta yi masa kyau don a bar ta ta yi iri. Na zauna na saurare shi har rana ta faɗi. Ranar na gane abin da kake nufi, kuma na ji tausayinku duka.

Sai na koma kan Mama. Kamar yadda ta kwatanta mini na dafa, ɗan kaɗan a madara. Na fara da Matar Fasto tunda ita ce sarauniya. Baban Liyema, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Zuciyarta ta riƙa bugawa har ina gani ta saman riga, ta damƙe hannuna tana cewa bango yana matsowa, tana kiran mutanen da suka daɗe a ƙasa. Na zauna riƙe da ita har abin ya sake ta. Na rantse ba zan ƙara ba ta komai ba.

Bayan mako guda ita ta ce in dafa mata Gurguwa. Na ƙi. Ta ce, "Amarya, kawo in sansana dai." Ta murza da hannun nan mai rawa, ta kai hanci, ta ce wannan ce. Wai mahaifinka bai taɓa ba ta ta kasuwa ba. Kullum akwai wata guntuwa da yake bari a gefen gona, ba ya sayarwa, masu saye ma ba sa so, ita yake dafa mata. Ita ba ta taɓa zuwa ta ga shukar ba, ƙamshin kawai ta sani. Ashe iri biyu ne a gwangwanin tabar, ita kanta ba ta sani ba.

Na dafa ina karanta duk addu'ar da na iya. Ta sha, ta kwanta, ba ta motsa ba sai da rana ta fito. Da ta tashi ta ce yunwa take ji. Ta cinye kwanon masara da wake, ta ce ina nono. Ban ce maka ta warke ba, gwiwoyin suna nan, ƙwayoyinta ma tana sha, na kuma faɗa wa nas ɗin asibiti abin da nake ba ta. Amma jiya ita ta riƙe kofinta da kanta, ta zubar da kaɗan a zani, ta harare ni don kada in taimaka. Abin da na girba na Gurguwa ba shi da yawa, guntuwa ce, in na yi tattali zai kai mu damina.

To ga inda muke. 'Ya'yan sun girma, gwangwani ya yi musu kaɗan, fitila ɗaya ce. Na zubar da Tagwaye da mai sunan Baffa, ba wanda ya yi kuka. Saura biyu a tagar. Na aika wa Thozama tambaya, ta ce uwa ɗaya ake riƙewa, a ba ta tukunya babba da duk hasken. Na san wadda kake so. Yanzu kai ma ka san wadda mahaifiyarka ke barci da ita. Ka yi tunani a tsanake kafin ka ba ni amsa, kada ka rubuta ranar da wasiƙar nan ta iso.

Allah ya tsare mini kai.

Matarka,
Nofezile


Mzintlava,
watan Yuni

Baban Liyema, mijina,

Ina gaishe ka da zuciya ɗaya. Yaya sanyi, yaya ƙirjin? Ina fata hular ta shiga kan. Mu muna lafiya. Liyema lafiya, Mama lafiya, tana ci tana barci. Ka riƙe wannan a ranka kafin ka karanta sauran.

Amsarka ta iso. Na ga ka yi murna da labarin Mama, na san kuma da gaske ne, don rubutunka ya karkace a wurin. Sannan ka ce in riƙe duka biyun in zan iya. In ba zan iya ba, in riƙe Gurguwa, in ba Baffa Matar Fasto, akwai wani mutumin birni da ya sani mai ɗakin gilashi da fitilu, zai raina maka ita har ka fito, ku raba. Ka ce ta haka kowa ya samu.

Baffa ya riga wasiƙarka zuwa. Ya ce ranar Asabar za su zo da mutumin a farar motarsa. Ban tambayi sunansa ba, ba na so in sani. Na san irinsu. Irinsa ne ya tsaya a bakin hanya ya loda maka buhuna, kuma ranar da aka yanke maka hukunci ban gan shi a kotu ba.

Na kai wa Mama maganar, ina zaton za ta tsaya mini. Ta ce, "Abin da mijinki ya ce shi za ki yi. In ma wuri ɗaya ne, ki bar masa tasa, ki zubar da tawa. Ni kwana nawa ya rage mini?" Na ce, "Mama, kin san abin da zai yi da ita." Ta ce, "Na sani. Gadonsa ne." Ta juya fuska bango.

Na yi kwanaki ina jujjuya abin. Na yi tunanin hawayen Baffa a gindin gwaiba. Na yi tunanin mahaifinka da ban taɓa gani ba, yana zagaya gona shekara da shekaru yana zaɓe, har ya fitar da abin da ba kowa ke da shi ba. Wace ce ni, 'yar wani gida, da zan kashe wannan? Na kuma yi tunaninka ranar da za ka fito, ka hawo dutsen nan ba saniya ba gona, mutane suna kallonka, ga kuma abu a ajiye wanda masu mota za su zo nema har ƙofa. Na san ba za ka iya cewa a'a ba. Ni ma da ni ce kai, ban tabbata zan iya ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ko da yake ƙaryar tana da sauƙi. Da na ce sanyi ne ya kashe ta, ko akuya ta shiga ɗaki, da ka yarda. Wuri ma zai iya ɗaukar biyun in na matsa, da na sake tambayar Thozama ta ce in ana rage musu kai za su zauna. Ni ce ban so ba.

Ranar Juma'a da safe, bayan Liyema ta tafi makaranta, na sauke Matar Fasto daga taga. Ta yi kyau, Baban Liyema, ta fi kowane lokaci kyau. Na zare ta daga gwangwani, na kakkaɓe ƙasar, na sa ta a murhu ƙarƙashin tukunyar wake. Ɗanya ce, ta daɗe ba ta ci ba, ɗakin ya cika da ƙamshin mangwaro. Na tsaya har ta zama toka, ina kuka kamar na yanka abin da na raina, don kuwa na raine ta. Sannan na juye Gurguwa a babbar tukunyar ƙasa, na sa ta a tsakiyar tagar ita kaɗai.

Mama ta ji ƙamshin daga ɗakinta. Ta dogaro sanda ta tsaya a ƙofar ɗakin girki, ta dubi murhun, ta dube ni. Na durƙusa ina jiran abin da zai fito. Ta ce, "Amarya, ba ki da kunya." Na ce, "Haka ne, Mama." Sannan ta ce, "Da aka kama uban mijinki, ni na ɓoye irin har ya fito. Da aka kama mijinki, ni na ɓoye. Kullum ina cewa bana zan watsa a wuta, hannuna ya ƙi." Ta juya za ta tafi, ta ce in na gama kukan in kawo mata ruwan wanka.

Ranar Asabar Baffa ya zo da baƙonsa. Na nuna musu Gurguwa na ce ga abin da ya rage. Baƙon ya murza ganye ɗaya, ya yi tsaki, ya koma motarsa. Baffa bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dube ni ya ce, "Ni na kashe mazan da kuskure. Ke da gangan kika yi." Tun ranar bai sake tako gidan ba, in mun haɗu a hanya sai ya dubi wani wajen. Abin yana yi mini ciwo, kuma ban ce bai da gaskiya ba.

To ka ji. In ka dawo za ka tarar da irin mahaifinka da rai, wanda ya ajiye wa matarsa. Ba wanda zai hawo dutse ya saya, ko kyauta aka ba shi. Na san abin da na ɗauke maka, na san kuma ba ya dawowa. Ban san da me za mu mai da shanun da muka rasa ba. Za mu sha wuya, wataƙila mu daɗe muna sha, amma a ɗaki ɗaya.

Ka yi fushi, kana da iko. Kada ka rubuto in ba ka so. Ranar ziyara ta watan gobe zan shigo motar Durban da burodin tukunya da safa ta biyu. In aka kira sunanka ka ƙi fitowa, zan zauna a kan bencin har lokaci ya cika, in bar maka burodin a wurin mai gadi. Wata mai zuwa kuma in sake dawowa.

Ni ce matarka, yau da gobe,
Nofezile